Nima da Maƙwabcinta, Filin Jirgin Sama

Duk wanda ya taɓa kwana a Nima ko Maamobi ya san ƙarar nan. Da dare, sa'ad da kasuwa ta watse, masu shayi suka fara kife kofuna, sai a ji wani ruri ya taso daga gabas, ya yi ta ƙaruwa, sa'an nan ya nufi wajen teku ya ɓace. Baƙo yakan ɗaga kai. Ɗan unguwa kuwa ko maganarsa ba ya katsewa. Jiragen Turai ne, gama yawancinsu da dare suke barin Accra. Tsakanin Nima da filin jirgin kamar kilomita 4 ne kawai.

Mutane da yawa suna tsammani sararin sama fili ne marar mai shi, wanda ya iya tashi sai ya tashi. Ba haka ba ne. Sama tana da iyaka kamar gona, tana da hanyoyi, tana da masu tsaro waɗanda ba sa barci. Shekaru da yawa wannan magana ba ta shafi talaka ba, sai gwamnatoci da manyan kamfanoni. Amma tun da ƙananan jirage marasa matuƙi suka shigo hannun samari masu ɗaukar hoto, dokar sama ta sauko har tsakar gida. Domin a gane ta, sai a koma baya, gama Nima da filin jirgin tare suka girma.

Zongo, ko zango yadda ake faɗa a ƙasar Hausa, wurin sauka ne. Fataken da suke zuwa Gwanja sayen goro su ne suka kafa zanguna a kan hanya, bayan yaƙin Salaga na 1892 kuwa da yawa daga cikinsu suka watsu zuwa Kumasi da Kete Krachi da Accra, wadda tsofaffi suke kira Ankara. Zango yana da ladabinsa. Ayari ba ya sauka sai madugu ya aika an sanar. Baƙo ba ya kwana sai yana da mai masauki wanda ya tsaya masa, in ya yi ɓarna a san ƙofar da za a buga. Mai karatu ya riƙe wannan, gama dokar sama ba ta yi nisa da ita ba.

Nima ƙaramar ƙanwa ce a cikin zangunan Accra. Wajen 1931 ne Malam Amadu Futa, wani Bafillace mai fataucin shanu, ya sami fili daga iyalin Odoi Kwao na Osu, domin dabbobi su huta kafin a kai su kasuwa. Waɗansu sun ce sunan daga ni'ima ya fito, waɗansu kuwa sun ce maganar Ga ce, wato garin sarki. A lokacin wurin daji ne, yana bayan iyakar hukumar birni. Ba mai tambayar takardar gini, ba mai auna titi. Abin da ya sa lungunan Nima suke yadda suke ke nan har wa yau.

A shekarun nan ne kuma jirgin sama ya fara leƙo Afirka ta Yamma. A watan Nuwamba 1925 jirage uku na sojan Ingila suka taso daga Masar suka sauka a Kano, shugabansu wani hafsa ne mai suna Arthur Coningham. A Gwalkwas, wato Ghana ta yau, a 1930 aka ɗora sha'anin jirage a wuyan ma'aikatar ayyuka, wadda ake kira PWD. Wato masu gyaran titi da kwalbati su ne masu kula da jirgin sama, gama ana ganin aikin bai wuce share fili da cike rami ba. A 1936 jiragen wasiƙa suka fara zuwa Kano daga Khartoum, a 1937 hanyar ta kai Accra ta Legas.

Yaƙin Duniya na Biyu shi ya sāke kome. A watan Yuni 1940 Faransa ta fāɗi, Italiya ta shiga yaƙi, Bahar Rum ya zama wurin hatsari ga jiragen ruwan Ingila. Ga sojojinta a Masar suna bukatar jiragen yaƙi, ga hanya a toshe. Sai aka yi dabara. Aka riƙa kawo jiragen a cikin manyan akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi, a harhaɗa su a can, sa'an nan a tuƙa su a ƙetare Afirka. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba 1940. Hanyar ta bi Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda yanzu ake kira N'Djamena, El Geneina, El Fasher, Khartoum, har Alƙahira. Kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi ta nan. Wanda ya san labarin alhazan dā zai gane sunayen nan, gama kusan su ne zangunan da mahajjata suke bi da ƙafa da jaki, su yi shekaru a hanya. Jirgi ya cinye ta cikin mako guda.

Akwai wani abu a nan da ya kamata a lura da shi. Wannan hanya ba ta yiwu ba sai da iznin mai ƙasa. Togo ta Faransa da Dahomey da Nijar suna hannun gwamnatin Vichy wadda ta yi sulhu da Jamus, don haka saman su ba na shiga ba ne. Da Cadi ma ta tsaya a wannan gefe, da an datse hanyar a tsakiya. Amma gwamnan Cadi, Félix Éboué, baƙar fata ɗan ƙasar Guyana ta Faransa, ya bi bayan Janar de Gaulle a watan Agusta 1940. Shawarar mutum ɗaya ta buɗe sama.

A 1941 kamfanin Pan American na Amurka ya karɓi aikin gyara filayen hanyar, ya kafa babban masaukinsa a Accra, daga baya sojojin Amurka suka gaje shi. Filin Accra ya zama mahaɗa ta jiragen da suke ƙetare teku daga Brazil suna nufin Masar da Indiya. A 1941 ɗin ne kuma aka buɗe asibitin soja da ake kira 37. Sansani kuwa ba ya zama sai da hannuwa. Ana neman kuku, da boyi, da mai wanki, da mai gadi, da lebura, da mai ɗebo ruwa. Mutane suka kwararo daga Arewa, daga Haute-Volta, daga Nijar, daga Nijeriya, daga Togo. Ina za su kwana? Wuri mafi kusa, mafi araha, inda ba a korar baƙo, shi ne Nima. Da yaƙi ya ƙare, sojojin da suka komo daga Burma su ma da yawa a nan suka kafa gida. Rugar shanu ta zama gari. A cikin masu zuwan nan har da Frafra da Dagaba da Kasena da Builsa, waɗansunsu Kirista, waɗanda suka ɗauki Hausa ta zama harshen kasuwa da na maƙwabtaka. Zuriyarsu suna cikin masu cika majami'un unguwar, irin su Santa Kizito ta Nima.

Ana cikin yaƙin ne manyan ƙasashe suka ga in an yi salama jirage za su cika duniya, in ba doka kuwa za a yi ta karo da husuma. Aka taru a birnin Chicago na Amurka, ranar 7 ga Disamba 1944 ƙasashe 52 suka sa hannu a yarjejeniya. Daga Afirka ba wanda ya zauna a teburin sai Masar da Habasha da Laberiya da Afirka ta Kudu. Gwalkwas da Nijeriya ba su da baki, Ingila ce ta yi magana a madadinsu, ko da yake a ƙasarsu aka yi ta sauke jiragen. Yarjejeniyar ta fara aiki a 1947, daga cikinta aka haifi hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, mai mazauni a Montreal ta Kanada.

Sashe na farko na yarjejeniyar ya ba kowace ƙasa cikakken iko a kan sararin da ke bisa ƙasarta. Sauran sassan suka shimfiɗa ladabin baƙunci. Kowane jirgi sai ya zama yana da ƙasar da ta yi masa rajista, ya ɗauki alamarta a jikinsa, kamar yadda tsagar fuska take nuna asalin mutum a dā. Wanda ya duba jikin jirgi zai ga haruffan, na Ghana suna farawa da 9G, na Nijeriya 5N, na Nijar 5U. Matuƙi sai da lasin, jirgi sai da takardar lafiya. Ƙasar rajista ita ce mai masaukin da ya tsaya wa baƙo.

Abin mamaki yana sashe na 8. A can aka rubuta cewa jirgin da yake iya tashi ba matuƙi a ciki ba za a bi da shi ta saman wata ƙasa ba sai da izni na musamman daga ƙasar, aka kuma ɗora wa ƙasashe nauyin lura da irin wannan jirgi kada ya zama hatsari ga jiragen fasinja. A 1944 fa! Amma a wannan shekara ce Jamus ta yi ta jefa wa London bama-bamai masu fiffike da suke tashi da kansu, saboda haka masu rubutun sun san abin da suke tsoro. Yaron da yake wasa da ƙaramin jirginsa a Maamobi bai sani ba, dokar da ta hau kansa ta girmi kakansa.

Ghana ta sami 'yanci a 1957, a shekarar kuma ta shiga yarjejeniyar da sunan kanta. Tun 1953 an riga an cire sha'anin jirage daga PWD an yi masa sashensa. A 1958 aka gama mai da tsohon filin soja ya zama filin fasinja, aka kuma kafa Ghana Airways, gama Kwame Nkrumah yana ganin ƙasar da ba ta da jirginta 'yancinta bai cika ba. A 1967 aka kashe Janar Emmanuel Kotoka a harabar filin cikin wani juyin mulkin da bai ci nasara ba, a 1969 aka sa wa filin sunansa. Ghana Airways ta yi zamaninta, bashi ya cinye ta, ta rufe a 2005. Amma aikin tsaron sama bai tsaya ba ko na kwana ɗaya.

A ranar 16 ga Mayu 1986 gwamnatin Jerry Rawlings, wanda shi kansa matuƙin jirgin soja ne, ta kafa hukumar kula da jiragen sama ta Ghana, GCAA. A farko hukumar ce take riƙe da kome, ita ce mai filin, ita ce mai ba da lasin, ita ce mai bincike in an yi hatsari. Wannan bai dace ba, gama mai sayar da hatsi ba ya zama mai duba mudu. Sannu a hankali aka rarraba. Dokar 2004 ta share hanya, a 2007 wani kamfanin gwamnati dabam ya karɓi tafiyar da filayen, a 2020 majalisa ta kafa ofishin binciken hatsari mai zaman kansa.

Yaya ake tsaron abin da ba a iya kewaye shi da shinge? An yanka saman duniya duka kashi kashi, kowane kashi da cibiyar da take ba da labari ga jiragen da suke cikinsa. Saman Nijeriya da sunan Kano ake kiransa. Akwai na Yamai, akwai na Accra. Kafin jirgi ya tashi, sai a aika da takardar tafiyarsa, inda zai bi, da tsayin da yake so, da man da ya ɗauka, da yawan rayukan da suke ciki. Da ya kai bakin iyaka, sai matuƙi ya yi sallama ta rediyo, ya faɗi sunansa da inda yake, mai tsaron wancan gefe ya amsa ya karɓe shi daga hannun na baya. Don kada a yi karo, mai nufin gabas yakan bi tsayi marar biyu, kamar ƙafa 35,000 ko 37,000, mai nufin yamma kuwa 36,000 ko 38,000. Dukan wannan da Turanci ake yinsa, da kalmomi ƙididdigaggu, ba hira.

Kashin Accra ya fi ƙasar Ghana girma nesa ba kusa ba. Tun zamanin Turawa ya haɗa da saman Togo da Benin da wani babban yanki na Tekun Atlantika. Kowane jirgin da ya ratsa kuwa yana biyan kuɗin jagora, ko bai sauka ba. Inda kuɗi yake, nan magana take. Togo da Benin suka ce ba dalili wani ya riƙa tsare musu sama yana karɓar ladan. Aka yi ta zama, a 2015 suka karɓi aikin nasu, ana yinsa daga Lome ta hannun ASECNA, hukumar haɗin gwiwa da ƙasashe masu magana da Faransanci suka kafa a 1959. Ba a harba ko harsashi ɗaya ba, ba a kuma sami jirgin da ya rasa mai amsa masa ba. Wanda ya san rigimar iyakar gona tsakanin 'yan'uwa zai yaba wannan. Ikon ƙasa a kan samanta kuma ya sake bayyana a watan Agusta 2023, sa'ad da sojojin da suka karɓi mulki a Nijar suka rufe saman ƙasar har kusan wata guda. Jiragen da suke zuwa Accra da Legas daga Turai dole suka yi zagaye.

Mai karatu zai iya cewa, to, ina ruwan mai sayar da koko a Nima da wannan duka? Ruwansa yana nan, gama maƙwabcin filin jirgi yana cikin hatsarin tafiyar da bai biya kuɗinta ba. Filin Accra titi ɗaya gare shi, iska kuma yawanci daga teku take busowa, don haka jirage sukan sauko ta wajen Madina su tashi ta wajen Osu. Da yammacin 2 ga Yuni 2012, ana ruwa, wani jirgin kaya na kamfanin Allied Air da ya taso daga Legas ya sauka bai iya tsayawa ba. Ya wuce ƙarshen titin, ya fasa katanga, ya faɗa wa wata motar haya, irin wadda ake kira torotoro, a hanyar da ke kusa da filin wasan El-Wak da masaukin alhazai. Ma'aikatan jirgin huɗu suka fita da rai. Aƙalla mutum 10 suka mutu a ƙasa, mutanen da suke kan hanyarsu ta komawa gida. Mutanen Kano ma ba su manta da 4 ga Mayu 2002 ba, ranar da jirgin EAS ya faɗa cikin unguwar Gwammaja jim kaɗan bayan tashinsa, fiye da mutum 100 suka hallaka, da na cikin jirgi da na cikin gidaje.

Saboda haka ne hukuma take sa ido a kan abubuwan da mutum zai ga kamar shisshigi ne. Wanda zai kafa dogon gini ko ƙarfen waya kusa da fili sai ya nemi yarda, ya kuma sa jan fitila a ƙwanƙolinsa. Juji da mahauta kusa da hanyar jirgi abin damuwa ne, gama suna tara ungulu da shirwa, tsuntsu ɗaya kuwa in ya shiga inji yana iya kashe shi. Jemagun da suka cika itatuwan 37 ba sa neman iznin kowa, amma su halittar Allah ce, ba a kai su kotu.

In tsuntsu mai nama da gashi yana iya wannan, yaya abin da aka yi da ƙarfe da batir? Nan maganar jirage marasa matuƙi ta shigo, waɗanda samari suke kira duron. Da farashinsu ya sauko, sai suka zama kayan aikin mai hoto. Amarya tana so a ɗauki ayarinta daga sama. Ana so a ga taron jana'iza, da hawan dawakin Salla, da jerin gwanon Lahadin Dabino, da bikin godiyar girbi a harabar majami'a. Saurayin da bai sami aikin ofis ba ya sami sana'a. Wannan abin farin ciki ne, ba laifi a ciki.

A 2016 GCAA ta ba da sanarwa cewa duk mai irin wannan jirgi sai ya yi masa rajista, jaridu kuma suka baza labari cewa hukuncin wanda ya ƙi yana iya kai shekara 30 a kurkuku. A 2018 aka fito da cikakkun ƙa'idodi. A cikin abin da aka shimfiɗa, ba a tashi sama da ƙafa 400, wato wajen mita 120. Ba a barin jirgin ya ɓace wa idon mai sarrafa shi. Ba a tashi da dare sai da izni. Ba a kusantar gini ko mota da mita 30 sai an yarda. Mai yin sana'a da shi yana bukatar takardu fiye da mai wasa. Sa'an nan ga babbar, ba a tashi cikin kilomita 10 kewaye da filin jirgi sai da iznin hukuma.

A sa tsinke a kan filin Accra a zana da'ira ta kilomita 10. Nima tana ciki, da Maamobi, da Kanda, da New Town, da Madina, da Osu, har kasuwar Makola. A Nima kuma ba inda mutum zai tsaya ya ce ya yi nisan mita 30 da gini. Ga fadar shugaban ƙasa a maƙwabtaka, ga asibitin soja, ga barikin Burma. Wato kusan ba wani tashi da za a yi a Zongon nan wanda ba ya bukatar takarda. Wanda yake ganin an tsananta, ya tuna da abin da ya faru a filin Gatwick na Ingila a watan Disamba 2018, ana gab da Kirsimeti. An ce an ga duron kusa da titin jirage, aka rufe filin, tashi da sauka wajen 1,000 suka lalace, fasinjoji wajen 140,000 suka rasa yadda za su yi.

Duk da haka dokar ba ta hana alheri ba, ta dai ce a yi sallama. A watan Afrilu 2019 Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Mahamudu Bawumia, ya buɗe cibiyar kamfanin Zipline a Omenako kusa da Suhum. Daga nan ake harba ƙananan jirage kamar yadda yaro yake harba dutse da danƙo, su ɗauki jini ko allurar rigakafi ko maganin dafin maciji, kayan da bai kai kilo 2 ba, su yi tafiyar da ta kai kilomita 80, su saki ƙunshin da 'yar laima a harabar asibitin ƙauye, su komo. An yi gardama ƙwarai kafin majalisa ta yarda a ƙarshen 2018. Ƙungiyar likitoci ta ce a fara gyara asibitoci da motocin ɗaukar marasa lafiya, maganarsu kuwa tana da nauyi. A ƙarshen 2025 ma batun bashin da kamfanin yake bin gwamnati ya sake ta da muhawarar. Amma ta fuskar sama, abin da aka koya babba ne. A watan Afrilu 2020, lokacin annobar korona, jiragen nan suka riƙa kawo samfurin gwaji daga ƙauyuka zuwa cibiyar Noguchi da ke Legon, wadda take cikin da'irar nan ta kilomita 10. An yi haka gama an tsara musu hanya da tsayi, masu tsaron sama kuma sun san da zuwansu.

Ko Nima ta ɗanɗana amfanin kallo daga sama. Bayan ambaliya da gobarar 3 ga Yuni 2015 a Circle, inda fiye da mutum 150 suka mutu, aka matsa wa maganar magudanan da suke zuba cikin kogin Odaw, babban kwatamin Nima kuwa yana cikinsu. A aikin da Bankin Duniya ya tallafa daga 2018, matasa suka zana taswirar Alogboshie da Akweteyman da Alajo da Nima, gida gida, lungu lungu, aka haɗa hotunan sama da tafiyar ƙafa. Unguwar da aka gina ba mai auna ta, sai ga ta a takarda.

Sai dai akwai abin da dokar ba ta gama da shi ba. An rubuta ta da tunanin jirgin fasinja, ba da tunanin gidan haya ba. Gidan Zongo rabin rayuwarsa a tsakar gida take. Nan ake girki, nan ake shanya, nan mata suke kitso ba lulluɓi, makewayi da yawa kuma ba su da rufi. Katanga tana tsare idon mai wucewa, zaure yana tsayar da baƙo har a ce ya shigo. Duron ba ya bi ta zaure. Mai hoton da aka ɗauka don biki ɗaya yana iya komawa gida da hoton gidaje goma da ba su gayyace shi ba. A kan wannan Musulmi da Kirista bakinsu ɗaya ne. Takardar hukuma tana iya ba mutum iznin sama, amma ba ta isa ta ba shi iznin tsakar gidan maƙwabci ba. Wannan aikin masu unguwa ne, da limamai da fastoci, da iyayen biki.

Hukuma ita ma tana da bashi a wuyanta. Ƙa'idodin da Turanci suke, Turancin lauyoyi kuwa. Saurayin da ya tara kuɗin shekara ya sayi jirginsa a hannun ɗan kasuwa, ba lalle ne wani ya faɗa masa akwai da'ira ba. Tsoratarwa da shekara 30 ba ta koya wa kowa inda ake cika takarda. Akwai gidajen rediyo masu magana da Hausa a Accra, akwai majalisar sarakunan Zongo, akwai sanarwar bayan sujada ran Lahadi da ta bayan sallar Juma'a. Ta waɗannan ƙofofi ne labarin rigakafi da na ƙidaya yake shiga unguwa, labarin sama ma nan ne hanyarsa.

Akwai kuma gefen da yarjejeniyar Chicago ta bari a buɗe. Sashe na 3 ya ware jiragen soja da na kwastan da na 'yan sanda, ya ce ba a ƙarƙashinta suke ba. Mai hoton aure yana da rajista da lasin da iyakar tsayi, amma jirgin da yake ɗauke da makami hukumar farar hula ba ta da iko a kansa. Daren 3 ga Disamba 2023 wani jirgi marar matuƙi na sojan Nijeriya ya jefa bam a kan masu taron Mauludi a ƙauyen Tudun Biri na Jihar Kaduna. Rundunar ta amsa cewa kuskure ne. Hukumar agajin gaggawa ta ƙidaya gawa 85, da yawa mata da yara. A jihar nan ce kuma, tun 2022, jiragen Zipline suka fara kai magani ƙauyuka.